Tuffar Baba Mai Tsami

Safele,
18 ga Satumba, 1978.

Zuwa ga ƙanwata Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa a nan.

Dalilin rubuto miki shi ne, rumfar katakona da ke kasuwar Katako a Jos ta yi mini kaɗan, damina kuma tana ɓata mini kaya. Na yanke shawarar gina sito a gidanmu na Nasarawa Gwom, a bayan ɗakin Inna, inda bishiyar tuffar marigayi Baba take. Saboda haka za a sare ta. Na san za ki yi magana, shi ya sa nake gaya miki tun yanzu. Tun muna yara bishiyar nan take haihuwa, ban taɓa ganin wanda ya cinye guda ɗaya bai yamutsa fuska ba. Ko yaran unguwa ba sa satar ta. Ni ne na yi ta ɗebo mata ruwa daga tafkin 'yan kuza duk rani, har tsakiyar kaina ya yi sanƙo, kuma ban ga abin da ta saka mini da shi ba.

Zan zo da Babbar Sallah in Allah ya yarda, a yi aikin. Ragon layyar da na bar miki, a kula da shi. Ki gaishe mini da Inna.

Naki, yayanki,
Labaran Shu'aibu.

Nasarawa Gwom, Jos,
26 ga Satumba, 1978.

Yaya Ladi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa ga maigida da yara da mutanen Zariya. Inna tana gaishe ki, ƙafar ce dai take damun ta in sanyi ya sauko.

Yaya, ƙanenki ya aiko da sammaci. Wai zai sare tuffar Baba ya ajiye katako a wurin. Na karanta wa Inna wasiƙar, sai ta ɗauki tabarmarta ta je ta shimfiɗa a gindin bishiyar ta zauna har la'asar. Wallahi raina ya ɓaci. Tun da na dawo gida bayan rasuwar maigidana, a nan nake ajiye keken ɗinkina, a nan Inna take jan carbinta. Kin tuna yadda Baba ya zo da ita daga Bukuru, 'yar tsiro a cikin gwangwani, lokacin da Baturen ma'adinan da yake yi wa aikin lambu zai koma ƙasarsu. Mutane suka yi ta yi masa dariya, ana ce masa Shu'aibu Mai Tuffa.

Amma fa gaskiya Yaya Labaran ya faɗa, tsami gare ta kamar me. Bana kuma, kamar ta ji ana maganarta, ta yi 'ya'ya har rassan suna neman taɓa ƙasa.

Jiya Inna ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ta ce Baba ya sha faɗa mata cewa Baturen nan ba cin irin wannan tuffar yake yi ba. Matse ta ake yi, idan kaka ta yi a sha ruwan, yana kumfa a cikin kofi. To ashe shekara da shekaru gatsar abin sha muke yi muna zagin bishiya! Na riga na wanke turmi. Kafin Sallah sai na sa wa Yaya Labaran kofi a hannu ya sha ya nemi ƙari, in ya so ya ɗauki zarton in gani.

Taki, ƙanwarki,
Safara'u.

Tudun Wada, Zariya,
4 ga Oktoba, 1978.

Ƙanwata Safara'u,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, kowa yana amsawa. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Na yi kuka da na karanta zancen bishiyar. Amma Safara'u, ki ji tsoron Allah ki bi a hankali. Abin da Bature yake sha yana kumfa, ke kin san ko mene ne? A Jos muka tashi ni da ke, mun san wace irin tukunya ce take kumfa. Kada garin ceton itace ki jawo wa gidan Baba abin faɗa. Labaran ɗan'uwanki ne kuma shi ne namijin gidan, ki lallashe shi da baki mai daɗi. Na san ba ki da shi, amma ki aro.

Allah ya yi miki albarka.

Yayarki,
Ladi.

Nasarawa Gwom, Jos,
15 ga Oktoba, 1978.

Yaya Ladi,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada ki ce kin faɗa, na san kin faɗa.

Na daka tuffa, na tace da ƙyalle, na zuba sukari, na sha na ji daɗi amma babu kumfa. Sai na ce bari in rufe shi a tulu in ajiye a ɗaki, wataƙila kumfar sai ta kwana biyu take zuwa. Ai kuwa ta zo. Ranar da na buɗe, kumfa har bakin tulu, ga wani wari ya bugi hancina. Zuciyata ba ta kwanta ba, ko ɗanɗanawa ban yi ba, na juye shi a kwano a tsakar gida na tafi kiran Maman Pwajok, maƙwabciyarmu ta bayan layi mai dafa burukutu, don ta duba mini.

Kafin mu dawo ragon Yaya Labaran ya tsinke igiya ya shanye kwanon tas. Yaya, da idona na ga ragon layya yana tafiya kamar mai rawa. Ya tunkuyi turmi, ya fita ƙofar gida, ya je ya zube a gaban teburin mai shayi ya kwanta yana lumshe ido. Duk unguwa aka fito. Ni kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, Inna kuwa dariya har da hawaye.

Maman Pwajok ta sunsuna tulun ta ce, “Safara'u, wannan abin naka ya riga ya zama kayan aikina. Kana so ka karɓe mini kasuwa ne?” Na ce ta rufa mini asiri, ni kumfa nake nema ba zunubi ba. Ta ce ai ita ta fi kowa sanin yadda ake tada shi, don haka ta san yadda ake hana shi tashi. Wai da zarar na tace in ɗora a wuta ya tafasa sosai, in ba shi sanyi, kada in bari ya zauna cikin ɗumi, kuma a shanye shi a ranar. Na ce to kumfar fa? Ta ce kumfa tana wajen Ulonma.

Kin san Ulonma, mai shagon lemo da firji a Tina Junction. Na kai mata dafaffen ruwan, na sa masa citta da kanumfari da ɗan kirfa. Ta zuba rabin kofi, ta buɗe kwalbar ruwan soda mai sanyi, wanda ba shi da zaƙi ba shi da launi, ta tsiyaya a kai. Sai ga abu yana cewa shuu, launinsa kamar zuma, kumfa tana tsalle har kan hancina. Ta kurɓa, ta zaro ido ta ce, “Chineke! Madam, wannan ya fi wanda nake sayarwa.” Tsamin nan da muke zagi shi ne daɗin abin, don da na gwada da tuffa mai zaƙi ta kanti sai ya fito salam kamar ruwan sukari.

Ragon ya warke, yana cin dusarsa. Sai dai idan ya hango kwanon yakan bi ni da kallo.

Taki,
Safara'u.

Safele,
27 ga Oktoba, 1978.

Safara'u,

Bayan gaisuwa. Gwadabe direban motar katakona ya iso jiya, kuma ya ba ni labarin da ya hana ni cin abinci. Ya ce a Katako babu zancen da ake yi sai na ƙanwar Labaran da ta fara dafa giya a gidan ubanta, har ta shayar da ragon layya. Abokan kasuwata ne suke faɗar haka, mutanen da nake sallah sahu ɗaya da su.

Da ina tunanin in bar zancen sarar zuwa bayan rani saboda Inna. Yanzu na fasa. Zan zo da katakon ginin, kuma washegarin Sallah Sylvester mai zarto zai zo. Kada ki ƙara taɓa tuffar nan.

Labaran.

Nasarawa Gwom, Jos,
14 ga Nuwamba, 1978.

Yaya Ladi,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ki nemi wuri ki zauna, yau labari gare ni.

Yaya Labaran ya iso ana gobe Sallah, fuska a murtuke, gaisuwata ma da ƙyar ya amsa. Gwadabe ya jibge katako a ƙofar gida. Ni dai na ari bakin nan mai daɗi da kika ce.

Washegarin Sallah da hantsi sai ga Sylvester da zartonsa a kafaɗa. A daidai lokacin kuma Liman Ɗanbala ya zo gaishe da Inna, shi da dattawan unguwa, har da biyu daga cikin 'yan Katakon da suka yi ta yawo da sunana. Ba zan ɓoye miki ba, ni na roƙi Inna ta aika a kira su cin naman Sallah. Na shimfiɗa musu tabarmi a gindin bishiyar.

Na durƙusa na ce, “Allah ya gafarta Malam, an ce ina dafa giya. Ina roƙo a bar ni in dafa ta a gabanku, in ya so ku yi mini hukunci.” Liman ya ce wannan adalci ne. Yaya Labaran ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta ce, “Labaran, tashi ka tsinko mata.” Kin san ba ya ƙetare maganarta. Ya naɗe babbar riga ya cika mini kwando da hannunsa, yana huci.

A gabansu na wanke, na yanka, na daka, na tace, na ɗora a murhu da citta da kanumfari da kirfa. Ƙamshi ya cika gidan har ya danne na suyar nama. Suna cin nama suna kallona. Da ya tafasa na juye a kwanon sha na dasa shi cikin ƙanƙarar da Ulonma ta kawo. Ya yi sanyi kafin azahar. Na miƙa wa Yaya Labaran kwalbar soda a rufe na ce shi zai buɗe, kada a ce na sa wani abu.

Ya buɗe, na tsiyaya a kan kowane kofi. Liman ne ya fara sha. Ya yi bisimilla ya kurɓa, kumfar ta hau masa hanci, ya yi atishawa, sannan ya yi wata irin gyatsa da ta sa kowa ya tuntsire da dariya. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Abin da aka tsinko a gabana, aka dafa a gabana, bai ko wuni ba, yaushe ya sami lokacin lalacewa? Yarinya, ƙaro mini.” 'Yan Katakon nan biyu da suka ce ni mai giya ce, sai da na sake ɗora tukunya saboda su.

Inna ta sha kaɗan ta riƙe kofin a ƙirjinta. Ta ce, “Allah ya jiƙan Malam, mahaifinku. Kullum cewa yake ku yi haƙuri da bishiyar nan, ba ku san ta ba ne.” Nan fa dariya ta tsaya, ni ma hawaye suka zubo mini.

Yaya Labaran ya daɗe yana kallon kofinsa kafin ya kai baki. Ya shanye tas. Sai kawai na ga ya miƙo mini kofin, ya kawar da kai gefe. Yaya, na cika masa har ya zuba! Sylvester ya matso ya ce, “Oga, in fara?” Ya ce masa, “Zauna ka sha lemo tukuna.” Har la'asar ta yi Sylvester yana shan lemo, ya saɓa zartonsa ya tafi ko ɓawo bai kankara ba.

Daɗi kamar ya kashe ni. Ulonma ta ce in riƙa kai mata dafaffen kullum da safe ta sa a firji, matan unguwa kuma sun fara tambaya saboda biki da suna. Sai dai Yaya Labaran ya koma Safele jiya bai ce mini an fasa ba, katakon kuma yana nan jibge a ƙofar gida. Ki taya ni addu'a.

Taki har kullum,
Safara'u.

Safele,
22 ga Nuwamba, 1978.

Ƙanwata Safara'u,

Assalamu alaikum, da fatan ku duka kuna lafiya. Na iso lafiya.

Na sami wurin sito a Katako. Katakon da ke ƙofar gida, ki ce wa Sylvester ya yi benci da shi ya kewaye gindin bishiyar, a yi wa na Inna majingina. Idan rani ya yi a riƙa ba ta ruwa safe da yamma, a gindi ake zubawa a hankali, ba a kan ganye ba. Ki tambaye ni, na fi kowa sani.

Ashe ruwan da na ɗebo bai tafi a banza ba.

Naki, yayanki,
Labaran ɗan Shu'aibu Mai Tuffa.