Alalar da Kawu Ya Sayo a Jega

Yaya Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigida da yara? Muna lahiya, sai rashin Rabi, autar Kawu Sani.

Ranar kasuwar Jega ya sayo mata alala. Mota ta lalace, ledar ta wuni a rana. Ta fara tsami, amma Innarmu ta ce ba a zubar da abinci, aka ɗumama. Rabi ta cinye tana dariya. Amai da gudawa suka tafi da ita.

Ko ɗumamen tuwo na buɗe, dariyar nan nake ji.

Ki gaida mutanen gida. Ki sa Inna a addu'a: yanzu ita ke zubar da ragowar abinci kullum.

Ƙanwarki,
Balkisu