Yaya Sani, wai ruwanmu ba ya cikin jigon taronsu

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ƙani ke yi wa wansa, ko da ƙasa ta rufe shi, ina sanar da kai raina a ɓace yake, kuma kai kaɗai zan faɗa wa.

Burtsatsen ƙauyenmu ya mutu tun kafin azumi. Ni ina Maigatari wajen gyaran babura, sai Juma'a nake leƙa gida. Inna, da gwiwar nan tata, ita ke bin mata har rijiyar makiyaya ta hanyar Sule Tankarkar.

Ranar Talata wata ƙungiya ta kira wakilan ƙauyuka taro a Gumel, na raka Baba Mai'unguwa. Sun rataya ƙyalle a bango, an rubuta “theme” da manyan baƙaƙe, a ƙasa wani dogon Turanci kan matasa da wayar hannu.

Ka san Baba. Minti uku aka ba shi. Ya gai da manya, ya gai da baƙi, ya yi musu ban gajiyar hanya, ya roƙa mana damina mai albarka. Haka muka taso, ba a fara buƙata sai an gama mutunta mutane. Yana cewa “sai kuma batun ruwa”, mai gabatarwa ya zare abin magana daga hannunsa, wai lokaci ya ƙare, kuma ruwa ba ya cikin “theme” na yau. Dattijo da furfurarsa, Yaya! Har godiya ya yi musu.

Na koma na buɗe ƙamus ɗinka marar bango, wanda ka tsinto a gwanjo. Ashe ma'anar “theme” jigon magana, abin da duk zancen zai kewaya. Asalinta Girkanci ne, wai abin da aka ajiye a gaban mutane. To wa ya ajiye? Wa ya tambaye mu? Mutum ya taso da gorar ruwan sanyi a mota, ya zaɓar wa masu ƙishirwa abin da za su tattauna!

Kai ne kake ce mini, “Habu, in ba ka gane kalma ba, kar ka gyaɗa kai.” Na gyaɗa, Yaya. Na ga ƙyallen tun daga ƙofa, na ji kunyar tambaya. Da na sani, da na raɗa wa Baba ya fara da ruwa.

Jiya na rubuta takardar koke zuwa ƙaramar hukuma. Layin farko burtsatse. Da na karanta wa Baba, ya ce wannan rashin kunya ne. Duk da haka ya dangwala yatsa a takardar, ya ce in sa gaisuwar a ƙarshe, kar dai in bar ta.

Allah ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, ya kawo wa Inna sauƙi.

Ƙaninka da ke kewarka,
Habu