Baba Ya Ƙi Amsa wa Fasto

Yaya Ayuba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya aiki, yaya Anti Rifkatu da yara? Ina fata ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Mu nan Abakpa lafiya, sai dai jikin Baba. Yanzu ko tashi zaune sai an tallafe shi.

Na yi abin da ka ce. Ranar Talata na kawo Fasto, ya zauna bakin gado ya yi ta yi masa wa'azi har aka kira la'asar a masallacin layinmu. Baba ya saurara tsaf, har da gyaɗa kai. Da Fasto ya ce, "Baba, za ka karɓi Yesu yau?" sai ya ce, "Matata ta mutu ba ta karɓa ba. Tana ina yanzu?" Fasto ya shiga kame-kame. Baba ya ce, "Shekara arba'in muna ɗaki ɗaya. Inda take, can za ni." Ya juya fuska bango, ya ce a ba baƙo ruwa.

Yaya, na gaji! Na yi kuka, na yi azumi, na yi masa faɗa, amsarsa kawai wai in ƙara tsamiya a kunu. Kai kuma kullum a waya, "Saratu, ki ƙara ƙoƙari." Kai ka yi makarantar Baibul, ba ni ba. Ka hau mota ka zo ka amsa masa da bakinka. Ni ma ina son jin amsar, don Inna uwata ce.

Ku sa mu a addu'a, shi da ni duka. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Saratu