Tumbin Dillali

Magariya, daren Asabar

Wata biyu ke nan da na bar lemun kwalba na koma ruwan randa, tunda likita ya ce sukarina ya hau. Yau na hau baskil, sikelin awon wake, kilo huɗu sun tafi. Ashe abin yana yi, ko da yake tuwon dare ma na rage.

Sai ga Alhaji Mamman na Mallawa, wanda shekara shida ni ke sayar masa da riɗi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam Isufu, ina tumbin? Ciwo ne, ko kasuwa ce ta juya baya?"

Na ce, "Alhaji, ruwa nake sha."

"Ruwa? Allah Sarki. Allah ya kawo sauƙi."

Ya sa aka sauke buhunansa a rumfar Na-Bande, wani dillali mai ciki kamar tulu.

Ban ji haushi ba. A kasuwar nan ba a ba ramammen dillali amana. Ruwa kam ba zan bari ba, rai ya fi riɗi. Na dai ce maiɗakina ta sa wa babbar rigata koko ta yi tauri. Gobe da taguwa biyu a ciki zan fita.