Baba Ya Yi Dariya

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Tanut. Ina zaman Agadas? Yaya maigida da yara?

Albishirinki, Baba ya soma cin tuwo! Lokotoron nan Kirista da ke duba shi tun rasuwar Inna ya karanta masa wata waƙa daga littafinsu, ta budurwa mai yawon neman masoyinta. Ni kunya ta kama ni. Baba kuwa ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ai budurwar nan ruhin mutum ce, 'yata. Wanda take nema yana cikin ƙirjinta. Ashe ni ma waje nake ta dubawa."

Yanzu kullum yana ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa.

Ki sa mu a addu'a. Gai da Gwaggo.

Ƙanwarki,
Mariyama