Karen Rissa a Kan Kwano

Ana sanar da masu karatu cewa bayan shekarun da filin nan ya yi yana sasanta ma'aurata da magada, yau kare ya shigo. A gyara masa wuri.

Malam Mai Fili,

Ka taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa bai yi dariya ba. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Tawa, na haura arba'in, ina da furfura da ɗakin littattafai. Ka riƙe wannan, don ka san ba yaro ya yi abin ba.

Ina da amini, Rissa, makiyayi daga wajen Takanamat. Tun zamanin mahaifina awakinmu a hannunsu suke. Farin bara ya share masa garke, ya kai iyalinsa wurin dangi, ya nufi Arlit neman aikin gadi. Mai mota ya ƙi ɗaukar karensa, Atri, irin dogayen nan na Azawak masu siririn ciki. Shi kaɗai ya rage masa mai ƙafa huɗu. Ya kawo mini shi, bai roƙe ni komai ba sai ruwa da inuwa.

Da bazara Nasarun da ke aikin rijiyoyi suka shirya wasan karnuka: a tsallake tono, a wuce ta cikin taya, a hau wani tudu a sauka. Ina ganin karnukansu, ƙattai masu cin naman gwangwani, a garin da mata ke layin jar dawa tun asuba. Raina ya ce bari in nuna musu karen ƙasarmu. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce ina son a tafa mini.

Na yi ta horar da shi a bayan ginin makaranta, amma sai da sanyin asuba, kafin gari ya waye, don kada abokan sahuna na masallaci su ga Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a nan, yana tsalle da kare. Saboda haka bai taɓa gudu cikin rana ba, ni kuma ban taɓa tunanin rana ba.

An sa wasan da hantsi. Babban baƙo, wani hafsan soja, bai iso ba sai da rana ta take tsaka, kuma ba mai fara abu kafin soja ya zauna. Nasaru suna ta zuba wa nasu ruwa a ƙarƙashin motoci. Ni na hana Atri sha, don na karanta a wani littafi cewa ba a shayar da dokin sukuwa kafin gudu. Dokin, Malam.

Ya tsallake tono kamar barewa, ya ratsa taya, fili ya ɗauki tafi. Sai tudun. Da kwanon rufi aka yi shi, ya wuni yana shan rana. Atri ya ɗora ƙafa, ya yi ƙara, ya diro, ya ruga rumfar manya ya kwanta ƙarƙashin kujera. Aka fashe da dariya, har da 'yan ajina. Na bi shi, na jawo shi da igiya, na ɗaga shi na ɗora kan kwanon, na danne shi sai ya hau. Ni da takalmi a ƙafata.

Tafin ƙafafunsa ya saɓule. Yanzu ya warke, amma yana ɗingishi da ta gaba. In na shigo gida sai ya koma bayan randa, ba ya cin tuwo sai daga hannun matata Kadidiya. A gari kuwa na zama Mushen Karnuka.

Rissa ya aiko direba cewa yana tafe kafin ruwan farko. Na yi niyyar in ce garwashi Atri ya taka. Kadidiya ta ce ba za ta tona ni ba, amma in ya tambaye ta ba za ta rufa mini ba. Me zan ce wa mutumin da ya rasa komai ya bar mini ɗayan da ya rage?

Naka,
Mai Takalmi, Tawa

Mai Takalmi,

Kunya biyu ka haɗa a wasiƙa ɗaya, bari mu raba su. Ta gari ba ta da nauyi. Tawa ba ta riƙe suna ya wuce damina, da wani ya faɗo daga kan jaki a kasuwa an manta da kai. Ta Rissa ita ce abin magana.

Ba zan ce ba ka da hujja ko kaɗan ba. Ka ciyar da kare a shekarar da mutane ke auna hatsi da tafin hannu, kuma haushin da ka ji na naman gwangwani ba kai kaɗai ka ji shi ba. Hawan farko kuskure ne, kwano ba ya faɗin zafinsa. Hawa na biyu kai ka yi shi, bayan kare ya gaya maka da iyakar muryarsa.

Ka bar zancen garwashi. Rabin gari ya gani, Rissa zai ji a tasha kafin ya sauke jakarsa. Ka tare shi can, ka kawo shi zaure, ka gaya masa kafin ya ga ɗingishin, kai da shi kaɗai, har da igiyar da takalmin. Kada ka kawo littafin dokin a matsayin shaida. Kada kuma ka tura masa buhun gero a zaman nan, zai ɗauka kana sayen bakinsa. In ya tashi ya tafi da karensa, ka bar shi. Haƙƙinsa ne, kuma zumuncin da ya faro daga iyaye ba kasafai yake mutuwa a wuni ɗaya ba.

Kafin ya zo, ka kai Atri wurin likitan dabbobi a duba ƙafar. Ka karɓi kwanon tuwon daga hannun Kadidiya, ka ajiye, ka zauna nesa, kullum, har ya daina ɓuya. In ya yarda da kai, ka fita da shi da la'asar sakaliya, ta babbar hanya, a gaban abokan sahun naka. Ɓoyon da ka yi da asuba shi ya kai ku ga kwanon. Ka gaishe mini da Kadidiya, ta fi mu duka. Allah Ya ba Atri lafiya, Ya kawo Rissa lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Saura abu ɗaya. Ina cikin rumfar nan ranar, a inuwa, da lemo mai sanyi a hannuna. Ƙarƙashin kujerata Atri ya kwanta yana haki. Na ɗage ƙafa kada ya taɓa mini riga, na yi dariya tare da kowa. Ban kyauta ba.

Mai Fili