Kawuna Ya Hana Ni Haɗa Bayanan Kamfani

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina na neman fashewa.

Ina aiki a wani kamfanin rarraba abincin kaji da na kifi. Wata uku ke nan da manaja ya ɗora mini aikin haɗa bayanan kamfanin a rumbu ɗaya, yadda kowa zai buɗe kwamfuta ya ga abin da yake nema, ba sai an yi ta yawo ofis-ofis ba. 'Yan sito sun ba ni nasu, direbobi ma haka. Saura na kwastomomi, kuma suna hannun kawuna, ƙanin Mama, wanda shi ya samo mini aikin nan.

Anti, shekara ashirin Kawu bai taɓa rubuta sunan kwastoma na gaskiya ba! Sai laƙabi: Mai Jar Mota, Surukin Likita, Uwar 'Yan Biyu. Direbobi da unguwa suke rubuta mutum, 'yan sito kuma da lambar waya. To ni ta ina zan gane wane ne wane? Na roƙe shi mu zauna mu daidaita, kullum sai ya ce gobe. Da na gaji na bar manhajar kwamfutar ta haɗa sunayen da kanta, ai kuwa ta gwamutsa mutum biyu, aka kai wa mai kiwon kifi buhu talatin na abincin 'yan tsaki. Wallahi ranar kamar in nutse don kunya. Shi kuwa Kawu har da riƙe ciki don dariya, wai kwamfutata ba ta san mutane ba.

Yanzu manaja ya ba ni zuwa ƙarshen wata, kuma yana son sanin mai kawo cikas. In na faɗa, ritaya za a yi wa Kawu, da wane ido zan kalli Mama? In na yi shiru, ni za a sallama. Haushinsa nake ji, Allah ya sani.

Daga 'Yar Kawu

'Yata, sha ruwa ki huce. Kina da gaskiya, bai kamata kamfani ya rataya a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba, kuma jan ƙafar Kawu bai kyautu ba. Amma buhu talatin ɗin nan ke kika aika su, tunda kika saki manhaja ba tare da an duba ba. Ki amsa wannan a gaban manaja da bakinki.

Shi kuma Kawu, ba na jin taurin kai ne kawai. Tsoro ne. Gani yake ranar da ya miƙa miki laƙabin nan, amfaninsa ya ƙare.

Ki ƙara gurbin laƙabi a rumbun, kusa da suna da waya da unguwa, kada ki goge ko ɗaya. Ki gaya wa manaja gaskiya: babu mai iya tantance mutanen nan sai Kawu, don haka a sa shi a aikin a rubuce, duk haɗin da manhajar ta yi sai ya sa hannu. Kwastoma ashirin a rana sun isa.

Kafin nan, ki same shi a gida, ba a ofis ba. Ki gaishe shi, ki gaya masa abin da na tabbata kin ɓoye masa: in wata ya ƙare a haka, 'yar da ya kawo da hannunsa za a kora. In ya ji wannan ya sake cewa gobe, ki faɗa wa manaja komai, babu hakkinsa a kanki. Amma ina kyautata zaton kujera zai jawo miki ku fara aikin.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar ku duka a bakin aikinku.